Ina Za Su Yini? Ƙaramar Hukumar Rijau da Hidimar Manya Masu Raunin Fahimta

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi halin manya masu raunin fahimta a Ƙaramar Hukumar Rijau ta Jihar Neja ta hanyar tambaya ɗaya: daga hantsi zuwa la'asar, ina mutumin yake, me yake yi, kuma wa ke tare da shi? An bi dokokin da suka ɗora wa hukuma nauyinsa, an waiwayi yadda ƙananan hukumomin Ingila suka gina cibiyoyin yini suka kuma dawo suna rufe su, sannan an tuna da tsarin ƙauyen Aro na 1954. Matsayar da aka ɗauka ita ce kada Rijau ta fara da gini. Ta fara da biyan mutane: ma'aikata a kowace mazaɓa, masu sana'ar da za su karɓi waɗannan bayin Allah aiki, da matan da za su ba uwaye damar sararawa.

1.0 Gabatarwa

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, wannan kowa ya sani. Duk da haka ya buɗe wata muhawara da aka daɗe ba a yi ba: idan kuɗin ya iso hannun ciyaman, me za a yi da shi? Amsoshin da ake ji sanannu ne, kwalbati da rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwa da taki. Dukkansu buƙatu ne na gaskiya. Sai dai akwai mutanen da ba sa shiga wannan lissafi, domin ba sa zuwa sakatariya, ba sa kafa ƙungiya, kuma ba a neman ƙuri'arsu da muhimmanci.

Rijau tana arewacin Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora, tana iyaka da ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 170,000, a warwatse cikin mazaɓu 11, daga garin Rijau zuwa Dukku, Tungan Magajiya, Warrari, Genu, Ushe da sauransu. Dukawa da Kambari da Hausawa da Fulani da Dakarkari ke zaune a cikinta, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya. Noma da kiwo ne sana'a. Hanya ba ta da kyau, kuma 'yan bindiga sun sha tayar da ƙauyuka a shekarun nan. Duk tsarin da bai yi la'akari da waɗannan abubuwa uku ba, wato nisa, yawan harsuna da rashin tsaro, a takarda zai ƙare.

2.0 Su wane ne ake nufi

Raunin fahimta hali ne da ke bayyana tun mutum bai balaga ba, ya shafi yadda yake koyo da tunani, ya kuma shafi iya ɗaukar nauyin kansa a harkokin yau da kullum: ƙirga kuɗi, gane hanya, tsafta, sanin wanda zai cuce shi. Akwai mai sauƙi, wanda zai yi noma ya yi aure idan an tsaya masa. Akwai mai tsanani, wanda sai an ba shi abinci a baki. Ba cuta ba ce da ake sha wa magani ta warke, kuma ba taɓin hankali ba ne, ko da yake mutum ɗaya zai iya haɗa biyun. Wannan bambanci yana da tasiri a aikace. Iyalin da suka ɗauka ɗansu hauka yake yi, ko iska ce ta shige shi, neman waraka za su yi ta yi, su sayar da akuya su sayar da gona. Idan sun gaji, wasu sai su kai shi gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, bayan 'yan makonni aka bankaɗo irinsa a Daura. Irin waɗannan gidaje ba sa tantance mai shaye-shaye da mai taɓin hankali da wanda bai ma fahimci dalilin kawo shi ba.

Bincike-binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna kusan mutum 1 cikin 100 yana da raunin fahimta, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe matalauta. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙidayar 2006 kaɗai, Rijau za ta tashi da mutum sama da 1,700. A cire yara, a cire waɗanda ajali ya ɗauka da wuri saboda rashin kulawa, har yanzu maganar ɗaruruwan manya ake yi, gommai a kowace mazaɓa.

Dalilan da ke jawo yawansu a yankinmu ba ɓoyayyu ba ne. Doguwar naƙuda a gida, inda jariri ke fitowa bai yi kuka ba. Shawarar jarirai da aka bari ta hau kai. Zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga. Tamowa a shekarun farko. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ya sa aka wajabta sa shi a gishiri a Nijeriya tun 1993. Sai galahanga da ake haihuwar yaro da ita. Sannan akwai annoba biyu da ya kamata masu tsara kasafi su riƙe. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Arewa, ya kashe sama da 11,000. Yaran da suka tsira da lahani a ƙwaƙwalwa yau sun ba shekara talatin baya, iyayensu kuma sun tsufa. A 2017 sanƙarau ya sake dawowa, Neja na cikin jihohin da ya fi taɓawa. Ga kuma gubar dalma daga haƙar zinariya, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta kashe 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta nan Jihar Neja a 2015. An ƙirga waɗanda suka mutu. Waɗanda suka rayu da dalma a jini suna nan suna girma.

3.0 Abin da doka ta tanada

Ba za a ce doka ta yi shiru ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 19 na yarjejeniyar ya tabbatar wa naƙasasshe haƙƙin zama cikin jama'a tare da tallafin da zai sa zaman ya yiwu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ba mai lalurar ƙwaƙwalwa magani kyauta a asibitocin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar naƙasassu ta ƙasa. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, gadon mulkin mallaka.

Amma wanda ya karanta dokar 2018 da idon uwar da ke riƙe da ɗa ɗan shekara talatin zai ga inda ta karkata. Yawancin sassanta na gini ne da mota da matakala da layi, wato buƙatun gurgu da makaho da kurma. Ta yi maganar makaranta, ta yi maganar aiki. Ba ta ce komai a kan wanda ya wuce shekarun makaranta, ba zai kuma iya rubuta takardar neman aiki ba.

Nan ne tsarin mulkin 1999 ya shigo. Jadawalinsa na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da kafa gidajen gajiyayyu da kula da su, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, da shiga cikin samar da ilimin manya da na sana'a da kiwon lafiya. Ke nan nauyin yana kan ƙaramar hukuma. Haɗarin shi ne, kalma ɗaya tak da tsarin mulki ya ba ta a kan wannan batu ita ce gida. Ciyaman mai kyakkyawar niyya, idan kuɗi ya zo, abin da zai fara faɗo masa shi ne ya gina cibiya a hedikwata, ya sa mata katanga da allo, a gayyato manya a yanke kyalle. Kafin a kai ga haka yana da kyau a dubi waɗanda suka riga mu bin wannan hanya.

4.0 Ingila da Aro

Har zuwa shekarun 1960 Birtaniya tana tara masu raunin fahimta a manyan asibitocin zaman dindindin, nesa da gari. Binciken cin zarafi a asibitin Ely da ke Kadif a 1969 ya girgiza ƙasar, a 1971 gwamnati ta fitar da manufar rage asibitocin da mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi. Su kuma suka gina cibiyoyin yini. Mota ta ɗauko mutum da safe, ya yini yana ƙunsa kaya a kwali a kan ɗan abin da bai kai a kira shi albashi ba, ta mayar da shi gida da yamma. An samu ci gaba, domin yana kwana a gidansu. Amma mutum zai shekara ashirin a cibiya ɗaya bai san kowa ba sai ma'aikata da irinsa. A 2001 gwamnati ta fito da sabuwar manufa mai suna Valuing People, ta ce a sake fasalin hidimar: a daina kai mutane gini, a ba kowa kasonsa na kuɗi ya zaɓi yadda zai yi yininsa, a kwaleji ko wurin aiki ko filin wasa, tare da kowa da kowa.

Manufar ta yi kyau. Abin da ya biyo baya ne abin lura. Daga 2010 aka shiga tsuke bakin aljihu, ƙananan hukumomi suka ga rufe cibiya hanya ce ta rage kashe kuɗi, ga kuma kyakkyawan suna da za a lulluɓe ta da shi. A 2012 ƙungiyar Mencap ta fitar da rahoto cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙananan hukumomi sun rufe wasu cibiyoyin yini cikin shekara uku, kuma mutum ɗaya cikin huɗu na manya masu raunin fahimta ba ya yin ko awa ɗaya a wajen gida a rana. An ce za a mayar da su cikin jama'a, sai aka mayar da su ɗakin uwayensu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Darasin Ingila fuska biyu gare shi: gini yana ware mutum, amma faɗin "jama'a za su kula" ba tare da kasafi ba yana nufin uwa za ta kula, ita kaɗai.

Misalin da ya fi kusa da mu na gida ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon kulle masu taɓin hankali, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana, suna shiga harkokin gari. Marasa lafiyar Aro ba masu raunin fahimta ba ne, amma akwai abin da ake yawan mantawa idan ana yabon tsarin: mutanen ƙauyen ba kyauta suka yi ba. Ana biyan su kuɗin haya, ƙauyukan kuma sun amfana da ayyukan raya ƙasa. Tausayi ya samu abin jingina, shi ya sa ya ɗore.

5.0 Yinin da ake da shi yanzu

Kuskure ne a zaci cewa tunda babu cibiya, babu komai. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san yadda namiji mai rauni mai sauƙi yake yini. Da sassafe yana bakin tasha ko kasuwa. Shi ke ɗebo wa mai shayi ruwa, shi ke wanke kwanukan mai abinci, shi ke ɗora buhu a kan babur, shi ke share rumfar mahauta. Ranar biki yana wajen girki, ranar jana'iza yana cikin masu ɗaukar ruwa zuwa maƙabarta. Kowa ya san sunansa, ko dai sunan da aka laƙaba masa. Abin da Ingila ta kashe maƙudan kuɗi tana nema, wato mutum ya kasance cikin mutane, mu muna da shi tun fil azal.

Sai dai a faɗi gaskiya a kan farashinsa. Aikin da za a ba wani naira dubu, shi ragowar tuwo ake ba shi. Yara na binsa da jifa, manya na dariya, wani lokaci su ne ke zuga yaran. Samari na ba shi ƙwaya don su ga abin da zai yi. Idan kaya ya ɓace shi ake fara nunawa, kuma zai amsa laifin da bai yi ba don a daina yi masa tsawa. Idan aka ji harbi gari ya watse, ba lallai ya gane inda ake gudu ba.

Halin mata daban ne, kuma ya fi muni. Mace mai raunin fahimta ba a barin ta fita, saboda tsoron da kowa ya sani, kuma tsoron na da tushe: irinsu ne masu fyaɗe ke nema, don sun san ba za ta iya ba da labari yadda alƙali zai gamsu ba. Sai ta yini a tsakar gida. Idan uwar za ta gona ko rafi ko kasuwa, ko dai ta kulle ta a ɗaki, ko ta hana ƙanwarta zuwa makaranta don ta zauna da ita. Wani lokaci a aurar da ita ga wanda ya yarda, ba don ta fahimci auren ba, sai don a sauke nauyi. Mai rauni mai tsanani kuwa, mace ko namiji, akwai maƙwabtan da za su shekara ba su sa shi a ido ba.

Akwai wani giɓi da tsarinmu na gargajiya ya bari. A ƙasar Hausa makafi na da Sarkin Makafi, kutare na da Sarkin Kutare, guragu na da nasu sarkin. Waɗannan sarautu su ne bakin jama'arsu a fada, kuma su ne ake kira idan za a raba tallafi. Masu raunin fahimta ba su da sarki. Ko a haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, inda aka ware musu rukuni, muryarsu ta fi ƙarfi a birane irin su Legas, inda iyaye masu hali suka kafa gidauniyoyi. Shi ya sa idan aka kawo kayan tallafin naƙasassu ƙaramar hukuma, keken guragu ne da sandar makafi da keken ɗinki. Babu laifi a cikinsu, amma babu ko ɗaya da zai amfani mutumin da muke magana a kansa.

6.0 Tsarin da ya dace da Rijau

Cibiya ɗaya a garin Rijau za ta amfani mazauna unguwannin da ke kusa da ita ne kawai. Mutumin Dukku ko Warrari ba zai biya kuɗin babur kullum ya kawo ɗansa ba, balle da damina, balle a hanyar da ake tare mutane. Idan aka ce a yi ta ta kwana, an koma gidan gajiyayyu, an raba mutum da harshensa da danginsa. Maganar harshe ba ƙarama ba ce. Badukke ko Bakambare mai lafiya yana jin Hausa don kasuwa ta koya masa. Mai raunin fahimta sau da yawa harshen uwarsa kaɗai yake ji, shi ma da ƙyar. Ma'aikacin da ba ya jin Dukanci ko Kambarci ko Fulatanci zai rubuta cewa mutumin ba ya magana. Mun kuma ga makomar gine-gine irin wannan: cibiyoyin mata da aka yi ta ginawa a ƙananan hukumomi tun zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na 1987, da yawansu yau a rufe suke, kekunan ɗinkin sun yi tsatsa.

Abin da ake ba da shawara shi ne ma'aikata biyu a kowace mazaɓa, mace da namiji, 'yan asalin wurin, masu jin harshen wurin, ƙarƙashin sashen walwalar jama'a. Ba sai masu digiri ba. Makarantar koyon aikin lafiya da ke Tungan Magajiya tana cikin ƙaramar hukumar, tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, kuma za ta iya ba da horon 'yan makonni tare da malaman ilimi na musamman daga Kontagora ko Minna. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 kan farfaɗo da naƙasassu a cikin al'ummarsu an rubuta shi ne don irin waɗannan ma'aikata. A mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, mutum 22 za su ci naira miliyan 1.54 a wata, ƙasa da miliyan 19 a shekara. Duk wanda ya san kuɗin da ake sa wa kwangilar gini a yau zai iya kwatantawa da kansa.

Aikinsu na farko rajista ne, gida-gida, ta hannun masu unguwanni da dagatai da ungozomai da limamai da fastoci. A rubuta abin da mutum ya iya kafin abin da ya kasa. A rubuta wa ke kula da shi da shekarun mai kulawar. Wanda ke da farfaɗiya a haɗa shi da asibitin mazaɓa, domin farfaɗiya na yawan tafiya tare da raunin fahimta, maganinta ba shi da tsada, kuma rashin shansa ne ke jefa mutane cikin wuta da rijiya.

Aiki na biyu shi ne mayar da abin da ake yi a kasuwa ya zama yarjejeniya. Tsarin ubangida da yaronsa ba baƙo ba ne a gare mu. Ma'aikaci ya samo mai sana'a mai mutunci, mai buga bulo ko mai wankin babur ko mai kiwo ko mai sayar da hatsi, a zauna gaban dagaci da uban mutumin, a faɗi aikin, a faɗi ladan, a faɗi abin da ba za a sa shi ba. Injin niƙa da maganin feshi, alal misali, a nisanta shi da su. Ƙaramar hukuma ta riƙa ba ubangidan ɗan ihsani a wata saboda haƙurin koyarwa, kamar yadda aka biya mutanen Aro. Ita kanta hukumar ita ke da kasuwanni da tashoshi. Sharar kasuwa da tsaftace mahauta aiki ne da wasunsu ke yi yanzu a kyauta. Ta sa su a takardar biya, ta cika kashi 5 ɗin da doka ta ce.

Mata kuma a nema musu uwar ɗaki a cikin unguwa: mai ƙuli-ƙuli, mai daddawa, mai man kaɗanya, kasancewar Jihar Neja ce kan gaba wajen kaɗanya a ƙasar nan. Ɓarar gyaɗa da tsince wake da shanya aiki ne mai maimaituwa, wanda da yawansu ke ƙwarewa a kai har su fi masu lafiya naci. A nan ma'aikaciya za ta koya wa yarinya abin da uwa ke jin nauyin faɗa: tsaftar al'ada, wane ne ba zai taɓa ta ba, wa za ta faɗa wa.

Masu rauni mai tsanani ba za su je wurin sana'a ba. Su buƙatarsu, da ta uwayensu, ita ce wuri kusa da gida inda za a karɓe su na 'yan awoyi, sau biyu ko uku a mako, musamman ranar kasuwa. Ɗaki ba ya wuya: ajin firamare bayan an tashi, zauren Islamiyya da safe, ɗakin taron coci a tsakiyar mako. Uwaye biyu su riƙa karɓa-karɓa tare da ma'aikaciya, a biya su. Jadawalin ya bi shekarar manomi, a ƙara ranaku lokacin shuka da girbi, sa'ad da gida ke zama babu kowa. Idan ƙauye ya tashi saboda hari, rajistar ta bi mutanen zuwa inda suka sauka.

Za a ce tsari irin wannan ƙofa ce ta ma'aikatan bogi da iyayen gida na bogi. Gaskiya ne, kuma ba a raina wannan suka ba. Gini ko ba komai ana ganinsa. Maganin da ake gani shi ne a ɗaure biyan kuɗi da shaidar iyaye: kada a biya ma'aikaci ko ubangida sai mai kula da mutumin ya dangwala yatsa a gaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda dama yana nan yana sa ido a kan asibitocin mazaɓu. Iyayen kuma su haɗa ƙungiya a kowace gunduma, hakimi ya san shugabanninta, a riƙa kiransu fada kamar yadda ake kiran Sarkin Makafi. A tarukansu a bar masu raunin su yi magana da bakinsu. Da yawa za su iya faɗin inda suke son yini da wanda ba sa son a haɗa su da shi, in an yi haƙurin saurare. Sannan kuɗin ya samu layinsa na kansa a kasafi. Muddin yana cikin jakar "tallafi da agaji", ranar da aka yi gobara a kasuwa ko ambaliya shi za a fara kwashewa.

7.0 Bayan iyaye

Tambayar da uwaye ke yi idan hira ta yi nisa ita ce: "In na mutu, wa zai riƙe shi?" Hidimar yini ba ta amsa wannan kai tsaye, amma tana rage nauyin da ke sa 'yan'uwa gudu. Matar wa za ta fi yarda ta karɓi ƙanin miji idan ta san yana fita da safe, yana dawowa da ɗan abin hannunsa.

Sauran maganar ta dukiya ce. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na Jihar Neja ke aiki da shi bai hana mai raunin hankali gado ba. Kasonsa nasa ne, sai dai a naɗa masa waliyyi ko wasiyyi ya riƙe masa, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga ciki, kamar yadda aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, alƙali kuma yana da ikon bin diddigi. A aikace, ranar rabon gado sai a ce gonarsa "tana hannun yayansa", ba takarda, ba shaida, bayan shekara biyar an sayar. A gidajen da ake bin al'ada wajen gado ma haka abin yake ƙarewa. Ma'aikacin mazaɓa da ke riƙe da rajista shi ne zai fara jin rasuwar uba. Aikinsa ne ya sanar da dagaci da kotun da ta dace kafin a raba, a rubuta gonar da sunan mai ita, a rubuta wanda aka damƙa wa riƙo, a kuma sa lokacin da zai riƙa zuwa yana bayani, ko da sau ɗaya ne bayan kowane girbi. Wanda bai gaji komai ba, a miƙa sunansa ga hukumar zakka da waƙafi ta jiha ko ga cocinsu, a kuma tabbatar ya shiga rajistar tallafin marasa galihu ta ƙasa da sunansa, ba da sunan mai gidan da yake zaune ba. Kuɗin shigar da irin wannan magana a kotu da kuɗin motar shaidu, ƙaramar hukuma ce ya kamata ta biya, daga layin kasafin da aka ambata.